Adon Ƙofar Gida: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Da zarar an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, wake da riɗi sun isa kasuwa, sai aikin magina ya tashi a Tasawa da Mayahi. A wannan lokaci ne ake ganin yashi jibge a bakin gidaje, masu walda kuma suna kai dare bisa aiki. Ba duk mai wannan hidima ne ke tada sabon ɗaki ba. Da yawa ƙofar gida kaɗai suke gyarawa: a fitar da ita da ginshiƙai biyu, a yi mata goshi mai zane, a liƙa karo mai walƙiya gefe da gefe, a cire tsohon ƙyaure a sa na ƙarfe mai furanni. Idan aka tambayi maigida dalili, amsar da ta fi yawa ita ce wai gida dukiya ne, abin da aka zuba masa ba ya ɓata, ran da aka tashi sayarwa zai dawo har da riba. Ɗan kasuwa yana faɗin haka, ma'aikacin gwamnati da ya ci bashin banki bisa albashinsa shi ma yana faɗi. Maganar tana da daɗin ji, amma ta cancanci a ɗora ta bisa sikeli, domin kuɗin da ke tafiya a bakin ƙofa sau da yawa jarin kanti ne, ko guzurin ritaya.

Adon ƙofa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sai dai asalinsa ba shi da alaƙa da ciniki. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa cikin watan Janairu na 1851, gidajen da ya bayyana yawancinsu darni ne da bukkoki. Soro mai ado na sarakuna ne da manyan attajirai, a birane irin su Kano, Katsina, Zariya da Damagaram. A can ne magina suka gwanance wajen fitar da fuskar zaure: zanko a bisa, dagi da sauran zane-zane kewaye da ƙofa, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa ya zame. Wanda ya zaga unguwannin Birni da Zango a Damagaram yana iya ganin ragowar wannan aiki har yau. Daga baya, a zamanin gyaɗa, wato daga shekarun 1950 zuwa babban fari na 1973 da 1974, kuɗi suka shigo hannun ƴan kasuwa da ba su gaji sarauta ba, ado ya fito daga fada ya shiga unguwa, har a wasu biranen aka riƙa zana keke da mota da agogo a goshin ƙofa. Alhajin da ya ƙawata zaurensa a wancan zamani sanarwa yake yi cewa Allah ya buɗa masa, baƙo kuma ya san inda zai sauka. Sayar da gidan bai taɓa zuwa masa a rai ba, domin a lokacin sayar da gida abin kunya ne, alamar karayar arziki. Tunanin cewa ado jari ne ya zo daga baya, tare da lotisma da takardun filaye da dillalan gidaje.

To, wa ke sayar da gida a Tasawa, wa kuma ke saye? Hanyoyin da gida ke fitowa kasuwa sanannu ne. Magada sun kasa raba shi sai an mai da shi kuɗi. Ko ɗan kasuwa ya karye, masu bashi sun tsaya masa a ƙofa. Ko ma'aikaci ya yi ritaya yana son komawa garinsu, ko ya bi ƴaƴansa Maraɗi ko Yamai. A duk waɗannan, mai sayarwa ne ke cikin sauri, mai saye kuwa ya san da haka. Masu sayen ba su da yawa, kuma kusan kowa ya san kowa. Kafin dillali ya buɗe baki an riga an san dalilin sayarwar, an san shekarar da aka yi ginin, wani lokaci har maginin da ya yi shi an sani. A irin wannan kasuwa fenti da karo ba su cika ruɗin kowa ba.

Abin da mai saye ke biya, na farko shi ne ƙasa. Fili a bakin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Tasawa tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko kusa da kasuwa da tasha inda za a iya fasa bango a fitar da shaguna, ya fi gida mai kyan fuska a bayan gari daraja, ko da kango ne a kansa. Bayan wuri sai takarda. Gidan da ke da takardar lotisma daga ma'aikatar magajin gari, balle wanda ke da titir fonsiye da banki ke karɓa jingina, ba a haɗa shi da wanda ba shi da komi sai shaidar maƙwabta da mai unguwa, ko da an yi wa na biyun ƙofa irin ta fada. Sannan a dubi ko wurin yana kwantar da ruwa da damina, ko akwai famfo da wutar NIGELEC, ko ginin na siminti ne ko na ƙasa, rufin kwano ne ko na azara, ɗakuna nawa ne. Adon ƙofa yana zuwa a ƙarshen wannan lissafi, idan ma ya samu shiga.

A ƙauyukan gundumar Mayahi, wajen su Kanambakashe, Isawan, Sarkin Hausa da Gidan Amumun, maganar ma ba ta taso ba. Gona ce ake saye, ake sayarwa, ake jingina, kuma saboda irinta ne dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye masu ba da takardun shaida. Gidan zama kuwa na zuriya ne, ba a yi masa kuɗi. Ɗan ci-rani da ya dawo daga Libiya ko Najeriya ya gina wa mahaifinsa ƙofa mai ado ya yi abin kirki, ya fitar da iyayensa kunya, amma kada ya rubuta kuɗin a shafin ajiya.

Masu yawo a intanet sukan kawo hujja daga waje. Gaskiya ne a Amurka akwai wani rahoto mai suna Cost vs. Value da ake fitarwa kowace shekara, wanda ke kwatanta kuɗin gyaran gida da abin da gyaran ke ƙarawa a farashinsa. A na 2024, sauya ƙofar gareji da sauya ƙofar shiga da ta ƙarfe su ne suka zo kan gaba, har aka ƙiyasta suna mayar da kusan ninki biyu na abin da aka kashe, alhali manyan gyare-gyaren cikin gida ba su mayar da ko abin da suka ci ba. Sai dai can gida yana sauya hannu sau da dama a rayuwar mutum ɗaya, masu saye suna da yawa, a hoto suke fara ganin gidan, kuma banki ne ke biya bayan ƙwararre ya ƙiyasta. Ko a can ɗin ma, abin da ya ci nasara shi ne ƙofa sabuwa mai ƙarfi a madadin tsohuwa, aikin da ba shi da tsada in an gwada shi da kuɗin gidan. Rahoton bai ce zane-zane ne suka ja farashi ba.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba. Kusan duk kayan adon zamani daga waje suke zuwa: karo, fenti, gilashi, alminiyon, ƙyauren China da na Turkiyya. Da yawansu ta Kano suke biyowa, daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa, su ratsa Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kafin su iso Maraɗi, daga nan su watsu. Saboda haka farashinsu yana rawa da kowace iska. Dattawan ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka tashi cikin dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa farkon 2024. Wanda ya sayi karo a waɗannan lokuta ya biya kuɗin karo, ya biya na rufe iyaka. Mai sayen gida ba ya duban wannan rasit. Abin da yake aunawa shi ne nawa zai kashe yau in ya sayi fili ya gina nasa. Da gwamnati ta rage farashin siminti cikin watan Oktoba na 2024, ma'aunin ya ƙara karkata wajen sabon gini, kuma babu wanda ya mayar wa mai tsohon ado cikon kuɗinsa.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce abin da aka kashe a ƙofa asara ne ɗungum. Gida mai tsabtar fuska ya fi saurin samun mai tayawa, kuma ga wanda bashi ya matsa wa, wata biyu da aka rage na jira kuɗi ne. Wajen haya ma haka. Malamin makaranta, ma'aikacin likita, jandarma ko ma'aikacin ƙungiyar agaji da aka turo aiki Tasawa ko Mayahi ba shi da lokacin bincike; ƙofa ce yake fara gani, kuma da ita yake auna yadda maigida ke kula da kayansa. Amma abin da yake dubawa shi ne ko ƙyauren yana rufuwa daidai, ko kubar tana da ƙarfi, ko babur zai shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Faɗin ƙofa kuwa ya fi zanenta tasiri nesa ba kusa ba. Ƙofar da mota ko amalanke ke iya shiga tana ƙara wa gida masu so, kuma abin takaici, sau da yawa ginshiƙan ado masu kauri su ne ke cinye wannan faɗi.

Inda asara ta fi yawa shi ne wajen yadda ake ɗora adon. Babban kuskuren da ake gani a unguwanni shi ne liƙa siminti bisa bangon ƙasa. Siminti da ƙasa jininsu bai haɗu ba. Ƙasa tana shan laima da damina ta kumbura, ta bushe da rani ta tsuke, siminti kuwa ba ya bin ta. Shekarar farko komi lafiya. A ta biyu ko ta uku sai siririyar tsaga ta fito a inda suka haɗu, ruwa ya shiga ta baya, ya rasa mafita domin simintin ya toshe wa bangon numfashi, ginin ya riƙa lalacewa a ɓoye, gara kuma ta samu hanya mai duhu da sanyi. Wata rana sai falle guda ya ɓallo, da karonsa da komi, ya bar rami a bangon da a da lafiyarsa lau. Ana iya gane wannan tun da wuri: a ƙwanƙwasa da makulli, in ya amsa kamar ganga, to ya rabu da bango. Magina sun san wannan gwaji, kuma mai saye mai hankali da magininsa yake zuwa. Buga ƙusoshi da shimfiɗa waya kafin yaɓe yana jinkirta matsalar, ba ya kawar da ita. Wanda ke son ƙofar siminti a gidan ƙasa, sai ya tona tushe, ya tada ginshiƙai na bulo tun daga ƙasa, ya ɗora linto mai rodi a kansu, ƙofar ta tsaya da ƙafarta. Wannan ya fi tsada, amma shi ne kaɗai ɓangaren aikin da mai saye zai lissafa a matsayin gini.

Sai kuma batun ruwa. A wannan yanki hadari daga gabas yake tasowa da iska, don haka ƙofar da ke duban gabas ita ke shan duka. Tana bukatar ƴar rumfa a goshi, ta kwano ko ta siminti, wadda ta fito sosai, kuma a tabbata indararo ba ya zuba a kanta. Dokin ƙofa shi ma abin dubawa ne. Titunan unguwa suna ƙara tudu shekara bisa shekara saboda yashi da shara da ciko, har tsakar tsohon gida ta koma ƙasa da titi. Damanar 2024, wadda jahar Maraɗi ke cikin waɗanda suka fi jin jiki a cikinta, wadda kuma ta rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram cikin watan Satumba, ta nuna abin da hakan ke haifarwa. Duk mai sayen da ya ga wannan damana, alamar ruwa a gindin bango zai fara nema kafin ya ɗaga kai ya dubi furanni. Buhun siminti biyu da aka sa wajen ɗaga dokin ƙofa da ɗaure gindin bango sun fi goma da aka sa a goshi amfani.

Katako yana da nasa hali. Farin katako mai araha da ake kawowa daga kudu abincin gara ne. Hunturu yana tsaga shi, damina tana kumbura shi har ƙyaure ya ƙi rufuwa. Araha dai ba ta ado. Magina na da azarar giginya da ta goriba suke amfani da su, domin gara ba ta cika iya musu ba, kuma Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi daga kabar goriba ya samo sunansa. Yau waɗannan itatuwa suna ƙarƙashin kariyar dokar gandun daji ta 2004, wanda ya sare su babu izini da ma'aikatan gandun daji zai gamu. In dole sai an sa katako, kada ya taɓa ƙasa, a kuma shafe gindinsa da baƙin mai ko maganin gara kafin a kafa shi. Ƙarfe kuwa daga ƙasa tsatsa ke kama shi. Mai walda da ya tsallake jan fentin maganin tsatsa ya wuce kai tsaye zuwa launi, ya sayar wa maigida ƙofar damana uku ke nan. Kaurin ƙarfen da ingancin walda a maƙalai su ne abin tambaya, ba yawan lanƙwasa ba.

Wasu kuma da gangan suke yin ado, don rufe aibi. Tsagar da ta tashi daga kusurwar ƙofa ta yi sama a karkace tana nuna linto ya gaza ko tushe ya zauna, kuma babu abin da ya fi sauƙi kamar a rufe ta da karo mako biyu kafin a kira dillali. Wannan algus ne. A fiƙihun Malikiyya, mai sayen da ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin a rage masa kuɗi ko ya mai da gidan, gwargwadon girman aibin, kuma dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ita ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi. Ko ba a je gaban alƙali ba, a gari kamar Mayahi labarin zai riga mutum isa kasuwa, kuma ɗan kasuwa ya san abin da sunansa ke ci.

Zaɓin ado shi ma yana iya rage masu so. Sunan maigida da shekarar hajjinsa da aka tona cikin siminti abin alfahari ne gare shi, ga mai saye kuwa aikin sassaƙa ne da zai biya. In aya ce aka rubuta, nauyin ya ƙaru, domin ba kowa ke son ya zama shi ne ya sa guduma a kanta ba. Launi kuma yayi ne. Karon da ake rububi bana, bayan shekara goma shi ne zai tona shekarun gidan, kuma in guda ya fashe da wuya a samu irinsa a kasuwa. Gefe miƙaƙƙe mai launi ɗaya, wanda za a iya sabuntawa da gwangwanin fenti guda, bai taɓa korar mai saye ba.

Abin baƙin ciki a nan shi ne makomar tsohon aiki. Duniya ta san darajar ginin ƙasa na wannan ƙasa: Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jahar Tawa, aikinsa ya samu kyautar Aga Khan a 1986, tsohon birnin Agadas kuma ya shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2013. Amma kasuwar gidaje ta Tasawa ba ta biyan ko dala don tsohon zane. Wanda ya sayi irin wannan gida a wuri mai kyau yawanci rushe zauren yake yi ya fitar da shaguna. Mai irin wannan zaure da ya ci gaba da yi masa yaɓe kowace shekara yana yi wa gari hidima ne daga aljihunsa. Mafi ƙarancin abin da za a roƙe shi shi ne kada ya lulluɓe shi da siminti da sunan gyara.

Saura rigimar da ke biyo bayan ciniki. Yakan faru a gama sayayya, a biya, sannan mai sayarwa ya turo yara su ciro ƙyauren ƙarfe, wai shi gida ya sayar ban da ƙofa. Aya ta 525 ta dokar farar hula ta ɗauki abin da maigida ya kafa da siminti, ko wanda ba a iya cirewa sai an fasa, a matsayin ɓangaren gidan. Mai son tafiya da ƙyaurensa sai ya faɗa tun wajen ciniki, a rubuta a takarda. Ma'aikacin da ke zaman haya kuwa, wanda takardar canjin wurin aiki ke iya iske shi a kowace ƙarshen shekarar makaranta, kada ya sa ko ƙusa ɗaya sai sun yi yarjejeniya da maigida a rubuce cewa za a cire kuɗin daga haya, da kuma cikin wata nawa. In ba haka ba, ran tashi zai bar ƙofar, wanda ya gaje shi kuma a ƙara masa kuɗin haya saboda ita.

Mafi ɗaci a cikinsu ita ce ta gidan gado. Ɗan da Allah ya fi buɗa wa, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, yakan ɗauki nauyin gyara ƙofar gidan mahaifinsa, kowa yana sa albarka. Ran da aka zo rabo, masu ƙiyasi gidan gaba ɗaya suke yi wa kuɗi, a raba bisa ƙa'idar gado, kuma abin da ya kashe ya narke a cikin rabon kowa. In ya yi magana a ce yana gori, in ya yi shiru abin ya zauna masa a zuciya, ƴan uwan da suka tashi ɗaki ɗaya su koma gaisuwar hanya. Hanyar kauce wa wannan ita ce a tara magada tun kafin a sauke yashi, a faɗa a fili ko aikin kyauta ne ko bashi ne a kan gidan, a rubuta a gaban mai unguwa ko limami da shaidu biyu, kowa ya sa hannu, rasit ɗin siminti da na mai walda kuma a haɗa su da takardar fili a ajiye wuri ɗaya.